Lanho, bashi ko ɗan kasuwa: da kuɗin wa za a yi aikin gari a Damagaram?

Tun daminar 2024, da ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, ya kuma kwantar da gidajen ƙasa a unguwanni da dama, maganar magudanun ruwa ba ta bar bakin mutanen Damagaram ba. Ana yin ta a fada, ana yin ta a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kowa ya yarda aiki ne da ya kamata a yi. Inda ake rabuwa shi ne a kan kuɗin.

Kwanan baya wani dattijo daga cikin shugabannin ƴan kasuwa ya same ni da wannan tambaya, don ya san na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi a wata ƙaramar hukumar karkara kafin in dawo gari. Ya ce: "Ɗana, ana kiran mu taro ana neman shawararmu, mu kuwa sai mu zauna mu yi shiru. Wasu na cewa a ci bashi a yi aikin lokaci guda, wasu na cewa a ƙara lanho, wasu kuma a ba wani mai kuɗi ya gina ya riƙa karɓar haya. Wanne za mu goyi baya?" Na ce masa: "Baba Alhaji, sai ka fara gaya mini wane aiki ne, domin amsar kasuwa daban take da amsar magudanar ruwa." Abin da ke ƙasa shi ne bayanin da na yi masa, na faɗaɗa shi saboda duk wanda za a kira irin wannan taro.

Kafin a kwatanta hanyoyin, ya kamata a san aljihun da ake magana a kai. Jihar Damagaram na da gundumomi 10 da ƙananan hukumomi 55, birnin kansa kuma an raba shi da'ira 5. A ƙidayar 2012 ita ce jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi. Kuɗin ƙaramar hukuma ta ƙofa uku yake shigowa. Akwai wanda take karɓa da hannunta: lanhon kai, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, na mahauta, na sayar da dabbobi, na filaye. Akwai wanda ma'aikatan haraji na ƙasa ke karɓa, kamar fatanti (harajin masu kasuwanci) da harajin gidaje, sannan a maido mata da kasonta ta Baitulmali. Akwai kuma tallafin gwamnati, wanda aka kafa hukumar ANFICT a 2008 don rarraba shi, da kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen ma'adinai da man fetur da doka ta ware wa yankunan da arzikin ke fitowa. Ƙofa ta biyu da ta uku makullinsu na Yamai. A 2016 an miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi nauyin fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma duk wanda ya yi aiki a ciki ya san nauyin ya riga kuɗin isowa. A watan Afrilun 2024 kuma aka rusa zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa masu riƙo. Wannan bai canza lissafi ba, sai dai ya sa muryar ƙungiyoyin ƴan kasuwa da masu unguwanni da malamai ta ƙara nauyi, tun da babu kansilan da zai tashi ya yi tambaya a madadinsu.

Hanya ta farko: a yi da abin da gari ya tara

Alherin wannan hanya a fili yake. Ba kuɗin ruwa a kanta, ba wanda zai zo ya tsaya maka a ƙofa, kuma in shekara ta yi tsanani sai a rage aiki ba tare da an saɓa wa kowa alkawari ba. Tana da wani alheri da ba a cika faɗa ba: mutumin da ya biya da hannunsa yana jin yana da bakin tambaya. Kuɗin da ya zo daga nesa ba ya sa kowa bin sawu.

Rauninta biyu ne. Na ɗaya, kuɗin kaɗan ne kuma ba ya da tabbas. Lanhon karkara sai bayan kaka yake shigowa ta hannun sarakuna da masu gari, in damina ta gaza shi ma ya gaza. Kuɗin kasuwanninmu kuma a ɗaure yake da iyaka. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 2023, duk mai karɓar tikiti a Magarya ko Matamaye ko Dungas ya ga yadda jakarsa ta yi sauƙi. Faɗuwar naira ma haka take yi: dillalin Kano da ke zuwa sayen raguna ya rage zuwa, kuɗin kasuwar dabbobi ya ragu tare da shi.

Na biyu shi ne yoyo. A inda na yi aiki, mun taɓa zama wata ranar kasuwa muka ƙirga dabbobin da aka sayar da idonmu, sannan muka kwatanta da abin da ya shigo akwati da yamma. Tazarar ta ba ni tsoro. Ba mutum ɗaya ne ke cinye ta ba. Wani an yafe masa don ɗan gidan wane ne, wani ya ba da rabi ba a yanka masa tikiti ba, wani tikitin an sayar da shi sau biyu. Abin da na koya a ranar shi ne, kafin a ce a ƙara wa talaka lanho, akwai kuɗi mai yawa da an riga an ɗora masa amma bai iso ba. Shi ya sa ba na goyon bayan ƙarin lanho a yanzu. Mutane na biyan harajin ƙasa, ga kuma gudummawar asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023, wadda ake cira har a kiran waya. A fara toshe yoyon: a ƙirga rumfuna da shaguna ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowane littafin tikiti lamba, a manna abin da aka tara kowane wata a ƙofar ma'aikatar magajin gari inda kowa zai gani.

Ko an toshe yoyon duka, wannan kuɗi ba zai haƙa babbar magudanar da za ta kwashe ruwan unguwa ta kai shi tafki ba. Abin da zai iya shi ne yashe waɗanda ake da su kafin ruwan farko, kwashe shara, gyaran famfon da ya lalace, sake rufin ajin da iska ta yaye. Ƙananan ayyuka ne, amma rashinsu ne ke kashe manya.

Hanya ta biyu: bashi

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi ruɗa mutane. Ana cewa "bashi" kamar abu ɗaya ne, alhali tsakanin wani bashi da wani akwai nisan Damagaram da Bilma.

Bari mu yi lissafi da misali, ba na wata kasuwa ta gaske ba. A ce za a gina kasuwa mai shago 600 da sefa miliyan 500. A ce hayar kowane shago jika 15 ce a wata. In kowa ya biya, shekara za ta kawo miliyan 108. Amma ba a taɓa yin kasuwar da kowa ke biya ba, don haka mu ɗauka 8 cikin 10 ne ke biya, wato kamar miliyan 86. In aka ci bashin a banki da ruwa kashi 9 cikin 100 na shekara 5, biyan kowace shekara zai kai kusan miliyan 129. Haya ba ta isa ba, sai an ciro sama da miliyan 40 duk shekara daga kuɗin shara da na makaranta. In aka ja shi zuwa shekara 10 da wannan ruwan, biyan shekara zai sauko zuwa kamar miliyan 78. Haya ta rufe, amma abin da ya rage bai kai miliyan 10 ba, ga masu gadi, ga wuta, ga shara, ga gyara, kuma a ƙarshe an biya ruwa kusan miliyan 280 a kan miliyan 500. In kuwa bashi mai sauƙi ne irin na bankunan raya ƙasa, a ce kashi 2 cikin 100 na shekara 20, biyan shekara bai wuce miliyan 31 ba. Kasuwa ɗaya, shaguna ɗaya, haya ɗaya, amma na farko ya karya gari, na biyu ya bar shi yana numfashi da ƙyar, na uku ya bar masa riba. Saboda haka duk wanda ya tashi a taro ya ce "a ci bashi" ba tare da ya faɗi ruwa nawa da shekara nawa ba, bai riga ya faɗi komai ba.

Yanzu a sa magudanar ruwa a madadin kasuwa. Magudana ba ta kawo ko dala. Amfaninta babba ne, tana ceton gidaje da rayuka, tana rage sauro, amma babu wanda zai yanka tikiti a bakinta. Duk abin da za a biya daga wani wuri zai fito. Cin bashin banki mai tsada don irin wannan aiki daidai yake da a ɗaure lanhon shekara goma tun kafin a karɓe shi.

Sannan ƙaramar hukuma ba ta cin bashi da gaban kanta. Sai hukumomin ƙasa sun amince, kuma don gina abu ne kawai, ba don albashi ko man mota ba. Ko birnin Dakar, da ya fi namu kuɗi nesa ba kusa ba, ya shirya sayar da takardun bashi na sefa biliyan 20 a 2015, gwamnatin Senegal ta tsayar da shi ana gab da farawa. Dalilin da ya sa gwamnatoci ke riƙe wannan igiya shi ne, in gari ya kasa biya, kansu abin ke komowa.

Maƙwabtanmu na kudu sun nuna mana ɗaya fuskar. Jihohin Nijeriya na da ikon cin bashi fiye da namu, kuma sau da yawa ana cire biyan tun daga tushe, kafin kasonsu na wata ya iso daga Abuja. Da farashin mai ya faɗi, a 2015 jihohi da yawa suka kasa biyan albashi na watanni, sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. Mai bashi ya karɓi nasa cif, malamin makaranta ne ya kwana da yunwa. Duk mai ɗan'uwa ma'aikaci a can ya ji labarin.

Mu ma a matakin ƙasa mun ɗanɗana. An yafe wa Nijar bashi mai yawa a 2004 da 2006, daga baya aka sake tarawa. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ce kada bashin ƙasa ya wuce kashi 70 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, kuma Nijar ba ta kai nan ba. Duk da haka, da takunkumin CEDEAO ya sauka a ƙarshen Yulin 2023 aka rufe asusun ƙasa a BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, sai aka kasa biyan bashin kasuwar yankin, abin da ya taru ya wuce sefa biliyan 300 kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. An zaftare kasafin kuɗin 2023 da kashi 40 cikin 100. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin man fetur na ƙasar Sin, CNPC, a matsayin kuɗin gaba a kan ɗanyen man da za a fitar. Darasin da ke nan ga ƙaramar hukuma shi ne: ba girman bashi kaɗai ke kayar da mutum ba, ranar biya ce ke zuwa daidai lokacin da hannu ya bushe. Kuma ranar da Baitulmali ya shiga matsi, kason ƙananan hukumomi na cikin abin da ke fara makara. Wanda ya ci bashi yana dogara da "in Yamai ta turo" ya gina ɗaki a kan rairayi.

Alhaji ya tsayar da ni a nan ya ce: "To ɗana, maganar riba fa? Ka san mutanenmu." Na ce gaskiya ne, kuma ba abin da za a share da hannu ba ne. A garin malamai kamar Damagaram, aikin da jama'a ke ganin an gina shi da kuɗin ruwa yana iya rasa goyon bayan waɗanda za su biya hayarsa. Akwai hanyoyin da malaman fiƙihu suka amince da su, inda mai kuɗi ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya, ko ya gina ya ba ka haya har ka mallaka. Senegal ta sayar da takardun sukuk, wato takardun tara jari na tsarin Musulunci, na sefa biliyan 100 a 2014, jihar Osun ta Nijeriya ma ta yi nata a 2013 don gina makarantu. Amma kada a ɗauka wannan kyauta ce. Shi ma yana da ranar biya, kuma lissafin da muka yi a sama yana hawa kansa daidai wa daida.

Akwai wani bashi da ba a kiran sa bashi, kuma a ganina shi ya fi yi wa ƙananan hukumominmu illa. Shi ne a ba ɗan kwangila aiki babu kuɗi a ƙasa, ya gina aji ko ya kawo tebura, sannan ya shekara biyu yana sintiri da takardarsa. Ba a rubuta shi a matsayin rance, ba wanda ya amince da shi a taro, amma gari na biyan ruwansa ta bayan gida: ɗan kwangilar da ya san za a ja masa rai sai ya ƙara farashi tun farko, ko ya rage siminti. Na ga ƙananan ƴan kwangila da suka sayar da filayensu don biyan leburori saboda irin wannan. Duk taron da za a yi maganar sabon bashi, a fara tambayar nawa ake bin gari na tsohon aiki.

Hanya ta uku: a ba ɗan kasuwa

Mai kuɗi ya gina tasha ko mahauta ko rukunin shaguna da kuɗinsa, ya karɓi haya na shekarun da aka yanka, sannan ya miƙa wa gari. Abin sha'awa a nan shi ne gari bai ciro komai daga aljihu ba, aiki na sauri, kuma mai karɓar kuɗin kansa ba ya barin yoyo. Damagaram ba ta rasa attajiran da za su iya ba.

Sai dai wanda ya zuba kuɗi shi ke riƙe da igiya. Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na CNPC ne, kashi 40 na Nijar, kuma an sha jan-in-ja a kan farashi da albashin ma'aikata tun daga lokacin. In ƙasa guda na fama da abokin hulɗa mai rinjayen jari, ina ga ƙaramar hukuma? A kasuwa, haɗarin a kan ƙananan ƴan tireda da mata masu sayar da kayan miya yake sauka. Sabon gini ya zo, haya ta ninka, wanda ya shekara talatin a rumfarsa ya koma bakin hanya, shagunan kuma su faɗa hannun masu sayen goma su bayar haya. Akwai kuma wani sharaɗi da ake sakawa a tsakiyar takarda, cewa in kuɗin da aka tara bai kai kaza ba, gari zai cika. Duk yarjejeniyar da ke da wannan, bashi ce ta sa riga. Na fi yarda da wannan hanya a tasha da mahauta fiye da kasuwar talakawa, kuma ko a can sai an karanta takardar a bainar jama'a, an rubuta iyakar haya, an rubuta sunayen masu rumfunan asali kafin a rushe ko bulo ɗaya.

Wani zai ce akwai hanya ta huɗu, a jira gwamnati ko masu ba da tallafi. Ana samu. Bikin 18 ga Disamba na 2018, Zinder Sabuwa, ya kawo kwalta da fitilu da gine-gine da birnin ba zai iya da kuɗinsa ba. Amma ba kai ke zaɓen lokaci ba, sau da yawa ba kai ke zaɓen aikin ba, kuma ranar da baƙi suka tafi, canza ƙwan fitila da cike ramin hanya naka ne.

Da Alhaji ya matsa in ba shi amsa a taƙaice, ga abin da na ce masa. In maganar manyan magudanu ce, ku goyi bayan a nemi tallafi ko bashi mai sauƙi ta hannun gwamnatin ƙasa, ku ƙi bashin banki, ku kuma nemi a rubuta a kasafin gari kuɗin yashe su kowace shekara daga lanhonmu. In maganar ruwan sha ce, wannan ya fi ƙarfin aljihun birni. Garin na zaune a kan dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma aikin na kamfanonin ruwa na ƙasa ne. Abin da ya rage wa gari shi ne matsa lamba da faɗaɗa famfunan unguwa. In kasuwa ce ko tasha, bashi na iya halatta kansa, amma da sharaɗin hayar da ake karɓa a zahiri, ba wadda ake fata ba, ta rufe biyan shekara har ta bar rarar gyara. In kuwa aka ce a ci bashi don biyan albashi ko shirya biki, ku tashi tsaye ku ce a'a.

Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ita ma'aikatar magajin gari ta san adadin rumfunan da ke layinsu. Na ce wannan tambaya ce da ya kamata ya kai taron. Ya ce ba zai jira taro ba, ranar Alhamis mai zuwa zai sa yaran ƙungiya su bi layi-layi da littafi su ƙirga rumfunan da kansu, su kuma rubuta nawa kowa ke biya da wanda yake ba.